Mai Jira a Layin Ƙarshe

Ta dawo daga aiki ta tarar da ƙofa a buɗe, kujerar Baba babu kowa. Tun da ciwon mantuwa ya kama shi bai taɓa fita shi kaɗai ba.

Ta yar da jaka ta bazama. Ta bi duk inda ya saba gudu a zamanin ƙarfinsa: gefen titin jirgin ƙasa, hawan bayan kasuwa, bakin kogi. Duk wanda ta tambaya sai ya girgiza kai. Da ta ga yadda kogin ya cika ya batse, sai ta shiga ƙwala masa kira.

Rana na shirin faɗuwa ta hango shi a tsohon filin makarantarsu, tsaye cikin ciyawa.

"Baba! Don Allah zo mu tafi gida."

Ya dube ta kamar baƙuwa. "Yi haƙuri, baiwar Allah. 'Yata ce ke tsere yau, na yi mata alkawari zan jira ta a layin ƙarshe."

Ta share hawaye. Ta koma can bakin filin, ta tuɓe takalma, ta sheƙo da gudu.

Baba ya buɗe hannuwa.

"Yauwa, Auta! Taho, ga ni nan!"