Haƙorin Yanke Zare

Hoton haƙorin ya fito a allo, jikana likita ya ƙura masa ido. Ni kuwa ina kishingiɗe a kujerarsa, ina jiran hukunci.

Haƙorina ne na gaba, shi kaɗai ya rage mini mai ƙwari. Bara yaron nan ya tsaga dasashi, ya yanke ƙarshen saiwar da ta ruɓe, ya toshe ramin. Sai da ya gama ɗinki ya lura maganin da ya wanke wurin da shi mai tsami ne, irin wanda kan hana toshiya kamawa sosai. In ta yi yoyo, ƙwayar cuta ta koma, sai cirewa. Ya hana ni cizon komai da shi, kuma tun ranar bai ƙara tsokanata ba.

"To, angona, yi magana mana. Ko sai na tsufa a nan?"

Ya sauke ajiyar zuciya. "Kaka, ta kama! Ƙashi ya cike gurbin." Ya goge ido da bayan hannu. "Daga yau ki fara cizo da shi, amma abu mai laushi."

Na dubi farar rigar aikinsa, wadda na ɗinka masa da hannuna watannin baya.

"Mai laushi? Rigar nan ta jikinka, da me kake zaton na yanke zarenta?"

Ya dafe kai, ya fashe da dariyar da na yi shekara ina kewa.