Doka Ba Ta Hana Ba

Ranar da Firdaoussi ta samu lasisin tuƙi, babanta Abdulmumini ya dawo gida Bronx da wani ɗan ƙunshi a aljihun jaket, bakinsa har kunne. Mutumin Maraɗi ne, shekara ashirin da biyu yana sayar da caja da rigunan waya a Canal Street. Ɗiya ɗaya Allah Ya ba shi, tana karatun aikin jinya, kuma ba ya ƙaunar ko ƙuda ya sauka a kanta.

Abin da ke cikin ƙunshin bai fi sabulun wanka girma ba. Na'ura ce da ake liƙawa a gilashin gaban mota. Da ta jiyo na'urar 'yan sanda mai auna gudu, sai ta fara kuka, direba ya taka burki kafin a kama shi. Abdulmumini yana da irinta a tasa motar, yana kiranta ɗan tsegumi.

Matarsa Habiba ta juya abin a hannu, ta ɓata rai. "Malam, wannan kuma mine ne? Yarinyar da ko sati ba ta yi da fara tuƙi ba?"

"Ke dai ba ki san garin ga ba," in ji shi. "Na tambaya. Manyan motocin kaya aka hana wa. A motar gida, doka ba ta hana ba."

"Ni ba doka nake tambaya ba."

Dariya ya yi, ya juya ga ɗiyarsa. "In ya yi kuka, ki sassauta. In ya yi shiru, hanya taki ce."

Firdaoussi ta rungume shi, ta ce da Turanci shi ne baban da ya fi kowa. Habiba ta koma kicin. Ranta bai kwanta ba, amma yaya za ta yi? An yi mata biyu da ɗaya.

Jama'a, a yawancin titunan cikin New York mil ashirin da biyar a awa ne iyakar gudu, kuma an rubuta shi ɓaro-ɓaro a kan allo. Amma yarinya sai ta daina kallon allo, ta koma sauraron ɗan tsegumi. Wata huɗu ba wanda ya tsayar da ita. Abdulmumini har alfahari yake yi a rumfarsa, wai ɗiyarsa ko tikitin tara ɗaya ba ta taɓa samu ba.

Wata safiyar Talata aka tashi da ruwa. Firdaoussi ta makara zuwa asibitin da take koyon aiki. Ta fita da burodi a baki, uwar na binta da "Ki tafi a hankali, don Allah!" Ta shiga Jerome Avenue, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, inda ginshiƙan ƙarfe suke jere a kan titi. Ɗan tsegumi ya yi tsit. Ita kuwa ta taka mai.

Wani mai keken kai abinci ya fito daga bayan bas. Ta kauce masa, ta taka burki, tayoyi suka zame a jiƙaƙƙen titi. Mai keke ya tsira. Mota ta daki ginshiƙi.

A bakin rumfa waya ta samu Abdulmumini. Bai ko rufe kaya ba, ya faɗa jirgin ƙasa yana ta "Innalillahi" har Bronx. A asibiti likita ya zaunar da shi da Habiba, ya ce ta rayu, amma ƙashin bayanta ya karye, kuma ba ya jin za ta sake taka ƙafarta. Habiba ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ko dubi mijinta ba. Wallahi da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Da la'asar wani ɗan sanda ya zo da leda. Ya ce yarinyar tana gudun sama da mil hamsin lokacin da abin ya faru. A cikin ledar akwai wayarta, da katin makaranta, da ɗan tsegumi, ko ƙwarzane babu.

Abdulmumini ya miƙe. "Ni na saya mata wannan. Ni na ce ta yi gudu in ya yi shiru. Ni za ku kama, ofisa."

Ɗan sandan ya dube shi da tausayi. "Yi haƙuri, yallaɓai. Babu laifin da zan kama ka da shi. A motar gida doka ba ta hana ba. Kayanku ne, sa hannu a nan."

Ya sa hannu. Ya koma kan kujera da leda a cinya, ya rasa inda zai kai kansa.

Kwana uku bayan haka Firdaoussi ta buɗe ido sosai. Ta daɗe tana kallon babanta, sannan ta yi magana da Hausarta mai tsami, wadda ta saba ba shi dariya.

"Baba, bai yi kuka ba. Na saurara, wallahi. Bai yi kuka ba."

Ya riƙe hannunta.

Ya ku direbobi, ya ku iyaye: na'ura tana iya jiyo ɗan sanda, amma ba ta jiyo mai keke, ba ta jiyo ginshiƙi. Ba don a kama ku aka sa iyakar gudu ba, don ku koma gida da ƙafafunku ne. Kada mu koya wa 'ya'yanmu tsoron ɗan sanda, mu manta da koya musu tsoron gudu.