Unguwar da Jirgi Ya Ce Babu

Tun da hukuma ta hana kai saƙo da hannu, kowane gida sai da ya haɗa ɗan jirginsa marar matuƙi. Tasalla ta tsaya a kan ƙanenta Gambo har ya gama nasu. Ya kafa ƙwaƙwalwar jirgin a tsakiya daidai, ya ɗora na'urar gane wuri can bisa tsinke, nesa da wayoyi. Ta ɗaura wa jirgin kwanon tuwon da zai kai wa Innarsu, ta ce masa, "Gangaren Kuka."

"Babu wannan unguwa," in ji jirgin.

"Kai Gambo, a karkace ka ɗora abin nan!"

"Wallahi Yaya, daidai yake. A taswirar hukuma ce babu ita."

"Babu ita? Inda aka binne cibiyata? Jiya-jiya Inna ta aiko mana da daddawa daga can!"

Ta fizge kwanon, ta yafa mayafi. In tara ce, su ci ta. A bakin ƙofa ta ɗaga kai. Jirage sun cika sama fal, amma duk suna kauce wa sashen unguwar Inna.

"Yaya," Gambo ya ce a hankali, "tun safe wayar Inna ba ta shiga."