Gangar Denny

Ranar Lahadi da rana, ƙarshen watan Fabrairu, Russ Kowalke ya tsaya a ƙofar gidan Lorna Pruitt, mai ɗaukar musu sauti, ya zauna cikin mota bai kashe inji ba. Yau za a saurari sabon faifan Suds Royale a karon farko, kuma a ƙungiyar shi kaɗai ya san ba Denny ne ya kaɗa gangunan da ke ciki ba.

Suds Royale sunan ƙungiyar kiɗansu ne, sun aro shi daga wani shagon wanki da aka rushe a nan garin Sheboygan tun suna samari. Tun lokacin suke abu guda: gajerun waƙoƙi, jita mai ƙara, tafi, da murya can sama kamar ta saurayin da budurwa ta yaudara jiya. Babu kamfanin da ya taɓa ɗaukarsu. Yanzu Russ mai rera waƙa na sayar da tayoyi, Denny Vandehey mai ganga na tuƙa motar 'yan makaranta, Gordie mai babbar jita kuwa ya yi ritaya daga komai har da magana. Masoyansu wasu dattawa ne masu sanƙo a Sifen da Japan, waɗanda har gobe faifan garmaho suke saye.

Denny mijin ƙanwar Russ ne, kuma babu abin da ya fi ƙwarewa a kai kamar tsokanarsa. Yana kwaikwayon muryarsa har a wurin odar abinci. Ya taɓa buga wa matar Russ waya da ita, ta yi masa faɗan kwanuka kafin ta gane.

Amma hannun Denny ya yi nauyi. Yana fara kiɗa da gudu, ya ƙare shi kamar yana jiran yara su gama tsallaka titi.

A ɗakin ƙasa na Lorna ba a ɗaukar sautin mutane tare. Kowa da ranarsa, ya yi nasa ya tafi, ita ta haɗa. Russ ya yi nasa a watan Janairu, da shayin zuma da tari, sai da Lorna ta ce ya isa haka, za ta gyara. Kafin ya fita ne ya roƙe ta ta nemo makaɗin haya daga Milwaukee, ta goge na Denny.

"Don mutuncinsa nake yi," in ji shi. "Wannan ne faifanmu na ƙarshe, Lorna. Ba na so a tuna shi a haka."

"A ɗakin nan ba a tambayar wa ya yi me," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Daga ranar Russ bai sake samun natsuwa ba. In Denny ya gane, ba ƙungiya kaɗai za ta watse ba. Akwai ƙanwarsa, akwai teburin Kirsimeti, akwai kamun kifi a kan tafkin da ya daskare ya zama ƙanƙara, inda mutum biyu ke wuni a bukka ɗaya. Sau da yawa cikin makonnin nan ya hangi motar Denny a ƙofar Lorna da yamma. Ya tambaye ta. Ta ce yana zuwa ƙara tafi ne. Faifan Suds Royale dai ba ya ƙoshi da tafi.

Ya kashe inji ya sauka.

Denny ya riga shi zuwa, ya baje a kan kujera da kwalin giya da cuku, yana tsotsar alewar tari.

"Ga tsoho nan! Mun ɗauka matakala ce ta fi ƙarfinka." Muryarsa a dishe take.

"Me ya sami maƙogwaron naka?"

"Ihun yara. Kai da tayoyi kake wuni, su ba sa mayar da magana."

Lorna ta ɗora faifan. Gangunan suka faɗo kamar an banko ƙofa, daidai, babu gaggawa babu jan ƙafa. Russ ya kafa wa Denny ido. Denny ya sunkuyar da kai yana bi da yatsu a gwiwa, kuma ko a gwiwar ma yana makara.

A waƙa ta uku akwai wani juyin ganga da hannun Denny bai taɓa iyawa ba ko yana ɗan ashirin. Juyin ya zo ya wuce. Denny ya ɗago a hankali.

"Kai," ya ce. "Ni na yi wannan?"

Russ ya saci kallon Lorna.

"Ɗan iskan makaɗi ne ni ashe!" Ya buga cinya yana dariya.

Sai a lokacin Russ ya saki numfashi, sai a lokacin kuma ya ji sauran faifan. Amshi ya iso, muryar ta hau can inda ya daɗe bai kai ba, ta tsaya cak, tas da ita. Bai san yana da sauranta ba. Shayin zuma ashe ba ƙarya ba ne. Gordie ya juyo ya dube shi ya ce, "Hmm," wanda a wurinsa jawabi ne.

Kafin a juya faifan idon Russ ya cika. Da aka gama ya tashi ya rungume Denny, ya ce masa a duk jihar babu makaɗi kamarsa. Denny ya ce ya sake shi, yana warin roba. Russ ya haura waje, wai zai duba mota, Gordie ya bi shi.

Denny ya tsaya yana taya Lorna tattara kwalabe. Ya saurara har ƙofar sama ta rufu.

"Ya gane?"

"Bai gane ba."

"Allah sarki, har da hawaye." Ya ɓare wata alewar ya jefa a baki. "Don mutuncinsa na yi, Lorna. Kada ki taɓa gaya masa ni na rera."