Kwafin Gwaji

"Wannan fim ba zai ci kasuwa ba," in ji Saminu, yana tura kaset cikin bidiyo. "Ko 'yan sarin Kongolam ba za su taɓa shi ba."

Duk Daura an san shi da iya canki, fim ɗin da ya ce zai karɓu sai ya karɓu. Shi ya sa Yazid, abokinsa da ya koma Kano ya zama furodusa, ya aiko masa kwafin gwaji kafin kowa ya gani. Tare suka fara tallan kaset, amma har yau Saminu yana shago. Abin na cin ransa.

Matarsa Firdausi na gefe tana tsince shinkafa.

"Dubi shirme, wai soyayya da barkwanci," ya ce. "Wace mace ce za ta saurari wannan sakaran?"

A fim ɗin saurayi ya iso zance yana haki. "Tun daga Sandamu na tako a ƙafa..."

"Don kada keke ya riga ni ganinki," Firdausi ta ƙarasa a hankali, tana murmushi.

Sai ga saurayin ya faɗi hakan, kalma da kalma.

Saminu ya kashe bidiyon. "Ke, a ina kika ji? Fim ɗin bai fita ba."

Ba ta ɗago ba.

"Ka sari da yawa, Baban Yahya, mata za su saya. A zauren gidanmu Yazid ya fara gwada maganar nan, kuma saura ƙiris ta yi aiki."