Sunan da Ya Yar

"Dakata, Kwamared," in ji yarinyar da ke jagorantar taron jam'iyyar ma'aikata a Kolkata, tana duban wani tsoho da ya ɗaga hannu. "Kafin ka yi magana, ɗan wane gida ne kai, na sama ko na ƙasa?"

Tsohon ya sandare, hannunsa a sama. Tun yana saurayi ya tsinke zaren da 'yan babban gida ke ratayawa a kafaɗa don nuna asalinsu, ya yar da sunan zuriyarsu, don a daina auna mutum da haihuwarsa. Mahaifinsa bai ƙara kallonsa ba har ya rasu.

"Ni ma'aikaci ne, 'yata."

"Ka ji Kawu da wayo!" in ji wani saurayi daga baya. "Mun san kakanka. Kun yi shekara dubu kuna magana, yau zauna ka saurara."

Aka tafa. Tsohon ya sauko titi. A bakin ƙofa ga wani mai shayi da tsohon ya sha rufe wa rumfa ranar yajin aiki, yana ce masa ɗan jari-hujja.

Mutumin ya ɗauko kofin ƙasa, ko ɗago kai bai yi ba.

"Da sukari ko babu, Baba?"

Tsohon ya dubi kofin. Ya manta rabon da a tambaye shi abin da shi yake so.