Allurar da Ta Kwanta

Sau uku ke nan ana tura narkakken ƙarfe cikin bututun gwaji, sau ukun kuma na'urar Injiniya tana sharara ƙarya. Aikinta ɗaya ne: maganaɗisu ya rungumi bututu, ƙarfe ya wuce ta tsakiya ya haifar da 'yar wutar lantarki, allura ta faɗi saurin gudunsa. Amma da zarar bututun ya yi ja, sai allurar ta kwanta kamar mai jin barci.

Injiniya bai ga laifin na'urarsa ba. Laifin masu hura tanderu ne, da masu walda, da shugaban masana'anta da ya gayyato wani ɗan ƙaramin kamfani a gwada tasu na'urar da tasa. Wadda ta faɗi gaskiya ita za a ɗora a bututun, mai ɗayar kuwa ya tattara komatsansa.

"Kamfani wai!" in ji shi a gida, yana cire takalmi. "Shago ne a bayan gareji. Ko sunan wanda ya ƙera musu abin sun kasa faɗa, don kunya."

Matarsa ta ajiye masa ruwa. A bayan hannunta akwai sabon tabon ƙuna. Ya kalla ya taɓe baki: mace har yanzu ba ta iya sauke tukunya ba. Aji ɗaya suka yi a jami'a, har takan ɗara shi maki, amma ya daɗe da yi mata bayanin cewa hannun malamai ya fi sakuwa idan takardar mace ce. Da aka yi aure ya ce gida ɗaya ba ya ɗaukar injiniyoyi biyu.

"Baban yara, ko zafin ne yake rage wa maganaɗisun ƙarfi?"

Ya yi dariya har da tari. "Ke dai ji da tukwanenki. Gobe ma gidan yayar taki za ki?"

"Can zan wuni."

Ranar gwaji ya zo da sabuwar riga. Na'urar 'yan shagon tana ɗaure can gefe, wata aba mai naɗin waya, ko taɓa bututun ba ta yi. Ya zagaya ta yana tsaki, ya tambayi masu walda ko injin nika ne ya ɓace hanya. Suka yi masa dariyar dole.

Aka buɗe tanderu. Ƙarfe ya taho, bututu ya yi ja, zafi ya kori kowa baya. Allurar Injiniya ta miƙe, ta yi rawa, ta kwanta. Ta 'yan shagon ta tsaya cak. Da aka auna abin da ya zuba a tukunyar ƙasa, bai saɓa da nata lissafin ba.

"Sa'a ce!" Injiniya ya daka tsawa, gumi na bin wuyan sabuwar rigar. "A fito da wanda ya ƙera ta! Ya tsaya gabana ya yi bayani, in ya isa!"

Shugaban masana'anta ya yafito wani daga cikin masu rigar kare zafi, ɗan gajere, wanda tun safe yake durƙushe wajen wayoyi fuska a rufe. Ya taso a hankali, ya tsaya gaban allon bayani, ya ɗage gilashin hular.

"Baban yara," in ji ta, "ɗan matsa gefe, ka tare wa mutane allo."